Yamaha R3 ga mai farawa: me alƙaluman takarda suke nufi idan an hau?

Sabon Mahayi ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Shekara uku ke nan ina hawan ƙaramin babur mai inji 125, yanzu kuma raina ya karkata ga babur mai siffar na tsere, amma daga cikin ƙananan da aka ƙera domin masu farawa. Wanda ya fi kwanta mini shi ne Yamaha R3, sai dai da na ɗauko takardar bayaninsa na ajiye kusa da ta Kawasaki Ninja 400 da ta KTM RC 390, sai kaina ya ƙara ɗaurewa maimakon ya warware.

Ga abin da na gani. R3 yana da inji mai cc 321 (ma'aunin girman inji), silinda biyu, ƙarfin doki 42. Ninja 400 yana da cc 399, shi ma silinda biyu, ƙarfin doki 45. RC 390 kuwa silinda ɗaya ce mai cc 373, ƙarfin doki kimanin 44. Nauyin R3 da na Ninja kusan ɗaya ne, wajen kilo 168 zuwa 170 idan an cika su da mai. A ganina na wanda bai taɓa hawan ko ɗaya ba, bambancin doki uku ba abin da zai sa a yi ta jayayya a kansa ba ne, amma duk wanda na tambaya sai ya ce mini baburan nan ba su yi kama da juna ba ko kaɗan idan an hau su. To ina bambancin yake ɓuya, tunda takarda ba ta nuna shi ba?

Tambayata ta biyu ita ce ko R3 zai yi wa mutumin da bai wuce 125 ba yawa, ko kuwa akasin haka, wato bayan wata shida zan gaji da shi in fara neman babba. Zirga-zirgata ta kullum cikin gari ce, da tafiya mai ɗan nisa sau ɗaya ko biyu a wata. Tsawona matsakaici ne. Ina roƙon wanda ya mallake shi ya faɗa mini gaskiyar abin da ya gani, daɗinsa da wahalarsa, kada a ɓoye mini komai don ganin ina son sa.

Mai R3 Shuɗi ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Nawa ƙirar 2019 ne, kuma shi nake hawa kusan kullum, saboda haka zan faɗa maka abin da hannuna da bayana suka sani, lissafin inji kuma in bar wa masu shi.

Da farko ka san cewa R3 ba iri ɗaya ba ne tun fitowarsa. An fara sayar da shi a 2015, sannan a 2019 aka sake masa jiki, aka sa masa shoka ta gaba irin wadda ake kifawa, wato ɓangarenta mai kauri a sama yake, mai kaurin milimita 37 ta kamfanin KYB, aka sauke hannuwan tuƙi ƙasa da kimanin milimita 22, aka kuma cire agogo mai allura aka sa allo mai lambobi. Injin kuwa bai canja ba a asalinsa. Don haka idan wani ya ce maka R3 yana da laushin gaba har yana nutsewa idan an matsa birki, ka tambaye shi na wace shekara ya hau, domin na 2019 zuwa sama ya fi tsayuwa da ƙarfi a kwana, ko da yake ramin hanya ma ya fi isowa ga wuyan hannunka.

Abin da zai fara ba ka mamaki shi ne sauƙinsa. Tsayin sirdinsa milimita 780 ne, kuma sirdin siriri ne ta gaba inda ya haɗu da tanki, saboda haka mai matsakaicin tsawo yakan sauke ƙafafunsa biyu ƙasa ba tare da ɗage ba. Duk da kamanninsa na babur ɗin tsere, ba ya kwantar da mutum a kan tanki kamar yayansa R6. Za ka ɗan sunkuya, amma ba sunkuyon da zai sa ka tsani ranar da ka saye shi ba. Satin farko wuyan hannuna ya yi ciwo, daga baya na gane laifina ne, domin ina jingina nauyina a kan hannuwa maimakon in matse tanki da gwiwoyi in bar hannuwana sakaka. Da na gyara zama ciwon ya tafi.

Yanzu ga halinsa na ainihi, wanda takarda ba ta gaya maka ba. Injin nan mutum biyu ne a riga ɗaya. Daga tashi har zuwa juyi 6,000 a minti, salihi ne, ba ya fizga, ba ya tsorata kowa, kuma wanda ya fito daga 125 zai ji kamar ya hau babur ɗinsa ne da aka ƙara wa ƙoshi. Idan lambar ta haura 7,000 sai muryar salansa ta canja, ta koma siririya mai kaifi, babur ɗin ya fara ja da gaske, kuma haka zai ci gaba da ja har ya wuce 10,000 bai nuna gajiya ba. Jan layinsa, wato iyakar juyin da aka yarda injin ya kai, yana wajen 12,500. Ma'anar wannan a kan titi ita ce, idan kana giya ta shida a gudun kilomita 80 kana son wuce babbar mota, murɗa totur kaɗai ba zai wadatar ba, sai ka sauko giya biyu. Na taɓa yin ganganci a farkon zuwana, na fito zan wuce tirela ina giya ta shida, na murɗa totur har ƙarshe, sai na ga ina tafiya kafaɗa da kafaɗa da tayoyinta kamar mun yi alƙawarin rakiya, ga kuma mota tana tahowa daga nesa. Na sassauta na koma bayanta jikina yana rawa. Tun daga ranar ƙafata ta hagu ta koyi aikinta.

Wasu suna ɗaukar wannan a matsayin aibi, ni kuwa ina ganin shi ne babbar makarantar da ke cikin babur ɗin. Babban babur yana rufa wa mahayi asiri, ko wace giya ya sa zai tafi, shi ya sa mutum zai yi shekara biyar a kansa bai iya zaɓen giya ba. R3 ba ya rufa wannan asirin, amma kuma ba ya hukunta mutum da tsanani idan hannunsa ya zarce a kan totur.

A doguwar hanya, idan kana kilomita 100 a giya ta shida injin yana juyi tsakanin 6,000 da 6,500, ba ya kuka, kuma girgizar da ke zuwa hannu da matakin ƙafa kaɗan ce. Gilashin gaba yana kare ƙirji daga iska, kai kuwa sai ka sunkuya. Tankinsa lita 14 ne, kuma idan na tuƙa da hankali nakan wuce kilomita 300 kafin in nemi gidan mai. Bayan awa biyu sirdin yakan fara tuna mini cewa ba kujerar falo ba ce.

Inda ya gaza kuwa, ba zan ɓoye maka ba. Birkin gaba faifai ɗaya ne mai milimita 298, na baya 220, kuma sun ishe shi a tuƙin yau da kullum, amma na gaban yana son a matsa shi da niyya, ba irin wanda yatsa ɗaya ke tsayarwa ba ne. Shokar gaba ba a iya saita ta, ta baya kuma taurin sifirin kawai ake ƙarawa ko a rage. Wurin zaman fasinja ɗan ƙarami ne kuma a sama yake, wanda ka ɗauka zai yi haƙuri da kai na rabin awa, bayan nan zumunci zai fara tsami. Madubai suna nuna maka gwiwar hannunka fiye da motar da ke bayanka sai ka ɗan matse hannu. Kaya kuwa, ban da takardun babur babu abin da zai shiga ƙarƙashin sirdi.

Batun gajiya da shi bayan wata shida, wannan maganar masu auna babur da miƙaƙƙen titi ce. Yana haura kilomita 160 a awa, gudun da ya wuce abin da doka ta yarda da shi a kusan kowace hanya. Ni dai har yau ban kai ƙarshen abin da zai iya yi a kwana ba.

Tsohon Bakanike ya amsa:

Ɗana Sabon Mahayi, tambayarka ta farko tana da amsa a cikin takardar da ke hannunka, sai dai ka karanta rabin layi ka bar rabi. Duk inda aka rubuta ƙarfin doki, a gefensa akwai adadin juyin da injin yake yi kafin ya ba da wannan ƙarfin, a ƙasansa kuma akwai wani layi na ƙarfin murɗawa, wanda ake aunawa da Nm. Wannan na biyun shi ne abin da kake ji yana tura ka idan ka buɗe totur.

R3 yana ba da doki 42, wato kilowat 30.9, a juyi 10,750, ƙarfin murɗawarsa kuma Nm 29.6 ne a juyi 9,000. Ninja 400 na farko yana ba da doki 45, wato kilowat 33.4, a juyi 10,000, amma ƙarfin murɗawarsa Nm 38 ne a juyi 8,000. Ka ga a doki tazarar ba ta kai kashi goma cikin ɗari ba, a murɗawa kuwa ta haura kashi ashirin da biyar. Akwai lissafi mai sauƙi da ke haɗa su: ka ninka Nm da adadin juyi, ka raba da 9,549, abin da ya fito shi ne kilowat. Idan ka yi wa Ninja wannan lissafin a juyi 8,000 za ka sami kilowat 31.8, wato tun a nan ya riga ya wuce iyakar abin da R3 zai bayar bayan ya yi ihu har 10,750. Ga inda bambancin ya ɓuya. Ba a ƙololuwa yake ba, a tsakiya yake, inda mutum ke yin kashi tara cikin goma na tuƙinsa.

Dalilin haka yana cikin ƙirar silinda. Faɗin fistan ɗin R3 milimita 68 ne, tafiyarsa daga sama zuwa ƙasa kuma 44.1 kacal. Na Ninja faɗinsa 70, tafiyarsa 51.8. Na KTM, da yake shi kaɗai ne a gidan, faɗinsa 89, tafiyarsa 60. Fistan mai gajeriyar tafiya yana iya kai da kawowa da sauri ba tare da ya wahala ba, shi ya sa R3 yake son juyi. Mutane da yawa idan suka ji injin yana kuka a 9,000 sai tausayi ya kama su, su ce ana kashe shi, alhali idan ka lissafa, a juyi 10,750 matsakaicin gudun fistan ɗin R3 bai kai mita 16 a daƙiƙa ba, na KTM kuwa a juyi 9,000 ya kai mita 18. Wato wanda ya fi ƙara ba shi ne ya fi shan wuya ba. Abin da ke kashe irin wannan injin shi ne a ja shi a babbar giya yana ƙasa da juyi 3,000 yana kakari, ko a ƙure shi da sassafe kafin baƙin mai ya yi ɗumi ya zagaya.

Silinda biyun R3 da na Ninja duka suna aiki ne a kan karanshaf (sandar da fistan ke juyawa) mai digiri 180, wato idan fistan ɗaya yana sama ɗayan yana ƙasa, kuma akwai sandar daidaito da ke shanye ragowar girgiza. Silinda ɗaya kamar ta KTM bugu ɗaya take yi mai nauyi a kowane juyi biyu, saboda haka za ka ji ta a tafin hannu da tafin ƙafa, kuma ba ta son a bar ta a ƙaramin juyi cikin cunkoso. Wannan ba lalacewa ba ce, halittarta ke nan.

Ka kuma lura cewa ba haɗuwar jini ce ta sa baburan nan suka taru a wuri ɗaya ba. Tun watan Janairun 2013 Tarayyar Turai take da lasisin da ake kira A2, wanda ya taƙaita sabon mahayi ga babur da bai wuce kilowat 35 ba, kuma kada ƙarfinsa ya wuce kilowat 0.2 a kan kowane kilo na nauyinsa. Ka raba 33.4 da kilo 168 na Ninja, za ka sami 0.199, wato an ƙera shi ne ya tsaya daf da bakin layi. R3 yana wajen 0.18. Honda CBR500R ya cika kilowat 35 ɗin cif, amma da nauyin da ya haura kilo 190.

Ta fuskar kula kuwa, R3 ba ya da fitina. Ruwa ne ke sanyaya shi, injekta yake amfani da ita ba kafireto ba, bawul huɗu ne a kowace silinda, kuma littafinsa bai nemi a duba tazarar bawul ba sai wajen kilomita 40,000, alhali na KTM yana neman a duba tun da wuri ƙwarai. Sabo yana buƙatar sabis na farko a kilomita 1,000, kuma wannan ba a ɗaga shi, domin a nan ake zubar da ɓurɓushin ƙarfen da sababbin sassa suka goge wa juna. Abin da zan ja kunnenka a kai, kai da ka fito daga 125, shi ne baƙin mai. Kulocin babur a cikin mai yake wanka, idan ka zuba masa man mota mai sinadarin rage gogayya sai ya fara zamewa. Ka nemi wanda aka rubuta JASO MA ko MA2 a jikin galan ɗinsa. Sai lagireto, wanda tsohon babur ɗinka ba shi da shi: ba a zuba masa ruwan famfo, kuma idan ka tsaya a cunkoso ka ji fanka ta tashi tana hura maka zafi a ƙwauri, aikinta take yi.

Mai Koren Babur ta amsa:

Baba Bakanike, kun gama magana a kan inji, Allah ya ƙara basira. Ni Ninja 400 nake hawa, kuma ina so in ƙara abu biyu da Malam Mai R3 bai taɓo ba, wataƙila don kada ya rage wa abin hawansa daraja.

Na farko shi ne kuloci. Ninja 400 tun fitowarsa a 2018 yana da kulocin da ke sassautawa da kansa idan an sauko giya da gaggawa, kuma hannunsa yana da laushi ƙwarai, yatsa biyu sun isa. R3 bai sami irin wannan ba sai a ƙirar 2025. Ga gwani wannan ba komai ba ne, domin ya iya ɗan taɓa totur kafin ya saki kuloci, amma sabon mahayi da ya sauko daga giya ta huɗu zuwa ta biyu a bakin kwana ya saki kuloci gaba ɗaya, tayar baya tana iya yin tsalle ko ta ja ƙasa, musamman idan titin yana da danshi. Na biyu shi ne birki da taya: faifan gaban Ninja milimita 310 ne, tayar bayansa kuma 150/60, ta R3 kuwa 140/70, ta gaba dai dukansu 110/70 ce a kan wili mai inci 17. A gaskiya shokar gaban Ninja irin ta da ce, ba kifaffiya ba, kuma mai dogayen ƙafafu yakan ji diddigensa na dama yana taɓa murfin salansa.

Kada kuma kalmar masu farawa ta sa ka raina su. A gasar duniya ta ƙananan babura da aka fara a 2017, Marc García ya ci kofin farko a kan R3, a shekara ta gaba kuma Ana Carrasco ta ƙasar Sifen ta ci a kan Ninja 400, ta zama mace ta farko da ta ɗauki kambun duniya a tseren babur na mutum ɗaya a kan kwalta. Sai dai ka sani Kawasaki ya maye gurbin Ninja 400 da Ninja 500 mai cc 451 daga 2024, don haka a kasuwanni da dama na hannu za ka tarar.

Shawarata ita ce ka zauna a kan kowanne na minti goma, ƙafafunka a kan mataki, wani ya riƙe maka shi. RC 390 tsayin sirdinsa ya kai wajen milimita 820, ni da na gwada da kan yatsu nake taɓa ƙasa, kuma zamansa ya fi na sauran biyun sunkuyo.

Mai R3 Shuɗi ya sake cewa:

'Yar'uwa, kin kama ni, kuma maganarki ta kuloci gaskiya ce. Tayata ta baya ta taɓa yi mini wannan tsallen sau ɗaya a bakin shataletale, na sauko giya biyu a jere na saki hannu kamar mai jefar da garwashi. Ban faɗi ba, amma na koma fili na yi sati ina koyon haɗa totur da saukar giya.

Sabon Mahayi ya dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, lissafin nan naku na yi shi da kaina a takarda, kuma yanzu na fahimci abin da ake nufi idan an ce babur yana da ciki, wato ƙarfi a tsakiyar juyi. Na je na zauna a kan R3 da Ninja kamar yadda Yaya Mai Koren Babur ta ce, kuma R3 ne ya fi daidai da jikina, gwiwoyina sun shige lungun tankinsa kamar an auna. Halinsa na rashin fizga a ƙasa ma ya kwantar mini da hankali, domin na san kaina, hannuna yana da garaje.

Yanzu na sami wani na hannu, ƙirar 2019, malejinsa yana nuna kilomita 18,000 da 'yan kai. Mai shi ya ce bai taɓa faɗuwa da shi ba, sai dai na lura robar gefen dama ta fi ta hagu ƙyalli, kuma an canja masa salansa zuwa wata mai ƙara. Ya kuma ce mini ba shi da ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa idan an matsa birki da ƙarfi, wai hakan ya fi, domin ABS na ragwaye ne. Me ya kamata in duba kafin in ba da kuɗina?

Tsohon Bakanike ya amsa:

Ɗana, robar da ta fi 'yar'uwarta ƙyalli ta riga ta ba ka labari, saura ka gano girman faɗuwar. Babur ya kife a tsaye ba wani abu ba ne, kusan kowane babur na masu farawa ya taɓa kwanciya a bakin ƙofa. Abin tsoro shi ne wanda ya faɗi yana gudu. Roba ana sayen sabuwa, saboda haka ka bar kallonta ka dubi wuraren da mai sayarwa yake mantawa: ƙarshen hannun tuƙi na dama, ƙwallon da ke bakin hannun birki, ƙasan matakin ƙafa, murfin inji na gefen, da kan kusoshin shokar gaba. Karce mai tsawo da ya tafi a layi ɗaya alamar jan ƙasa ce. Sannan ka juya kan babur ɗin dama har ƙarshe, ka juya hagu har ƙarshe, ka sa yatsa tsakanin hannun tuƙi da tanki a kowane gefe. Idan tazarar ba ɗaya ba ce, wani abu ya lanƙwashe. Ka leƙa ƙarƙashin wuyan babur da tocila inda ƙarfen da ke tsayar da kai yake, idan ya fashe ko an yi masa walda, ka yi sallama ka tafi, ko nawa aka rage maka.

Ka ce masa kada ya tayar da shi kafin ka zo, kuma da isarka ka taɓa murfin inji da bayan hannu ka tabbatar da sanyi yake, domin injin da ya yi ɗumi yana ɓoye ƙara da hayaƙi da wuyar tashi. Idan ka kunna makulli, fitilun gargaɗi su kama sannan su mutu bayan ya tashi, ban da ta ABS idan yana da shi. Ka shafa yatsa a kan sandunan shokar gaba, idan ka ga zoben mai to sil, wato robar da ke tare man, ya tafi. Ka ja sarƙa ta baya daga kan haƙoran da take hawa, idan ta ɗago har ka ga rabin haƙori, ko haƙoran sun yi tsini sun karkata gefe ɗaya, sarƙa da haƙoran duka za a canja tare, kuma wannan yana gaya maka yadda aka riƙe sauran babur ɗin. A gefen taya akwai lamba huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, misali 2319 yana nufin mako na 23 na 2019. Tayar da ta haura shekara biyar ta fara bushewa ko da zanenta bai cinye ba, ka sa kuɗin sababbi a lissafinka. Iskar da littafin R3 ya nema ita ce 29 a gaba, 36 a baya a ma'aunin psi, kuma taya tana sanyi ake aunawa. Ruwan birki DOT 4 ne, duk shekara biyu ake canja shi, idan ka leƙa ka ga ya koma kalar ƙasa to ya daɗe ba a canja shi ba. Lambar da ke jikin firam kuma ta dace da ta takarda harafi da harafi.

Salansa mai ƙara ba ta ƙara wani ƙarfin kirki a inji irin wannan, amma takan nuna irin mahayin da ya riƙe shi. Ka tambaye shi ko ta asali tana nan ya haɗa maka da ita.

Maganarsa a kan ABS kuwa, kada ka saurare ta. A wasu ƙasashe an sayar da R3 iri biyu, mai ABS da marar shi, a Turai kuma doka ta wajabta shi ga sababbin babura da suka wuce cc 125. A gudun kilomita 100 kana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, kuma idan gudu ya ninka biyu nisan tsayawa yana ninka huɗu. Ranar da yaro ya faɗo titi ba gwaninta ce ke matsa birki ba, firgita ce, kuma kai da bakinka ka ce hannunka yana da garaje. Tayar gaba idan ta kulle ba ta ba mutum lokacin gyara kuskure. Gane mai ABS ba wuya: ka duba tsakiyar faifan birkin gaba, za ka ga wani ƙaramin zobe mai ramuka da yawa a jere, da waya da ta sauko kusa da shi, fitilarsa kuma tana kamawa idan an kunna makulli, ba ta mutuwa sai babur ya fara tafiya. Da ni ne kai, zan bar wannan in jira mai zoben, ko da na ƙara wata biyu a kan 125 ɗina. Kuɗin hular kwano mai rufe haɓa, da safar hannu, da jaket mai kariya a kafaɗa da gwiwar hannu, da takalmi mai rufe idon sawu, ka ware su gefe tun kafin ka fara ciniki. Idan ka sami wani, ka ɗauko hoton faifan gaba da na wuyan ta ɓangarorin biyu ka sa a nan in duba maka.